Motar Tafi-da-Gidanka: Tambayoyin Masu Farawa a Bauchi da Gombe

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu son mallakar mota mai ɗakin kwana a cikinta. An sa wa kowace lamba, domin idan wata amsa ta jingina da wata a san inda za a koma.

1. Wace irin mota ce wannan, kuma wacce ta dace da mai farawa?

Mota ce da aka shirya cikinta yadda mutum zai kwana, ya yi girki, ya kewaya, ba sai ya kama ɗaki a otal ba. Iri uku aka fi gani. Akwai bas da aka cire wa kujeru aka sa gado da ɗan kicin, irin su Toyota Hiace, Ford Transit da Mercedes Sprinter, masu tsawon mita 5 zuwa 7. Akwai wadda kamfani ya ɗora wa faffaɗan ɗaki a bayan mazaunin direba, galibi a kan Fiat Ducato, ita ce ta cika hanyoyin Turai. Sai kuma manyan na Amurka, masu girman doguwar motar safa.

Mai farawa a Bauchi ko Gombe ya tsaya a kan ta farko. Tana shiga lungu, tana kwana a harabar gida, kuma idan ta lalace a Alkaleri ko Kumo za a sami bakaniken da ya san injinta. Ka nemi mai dogon rufi wadda za ka iya miƙewa tsaye a ciki, domin sauya kaya, girki da salla duk suna wahala a motar da sai an sunkuya.

2. In sayo ta waje da aka gama shiryawa, ko in sa a ƙera mini a nan?

Ta waje tana da kyan gani, amma don wata ƙasa aka yi ta. Fara da sitiyari: tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Ingila ko Japan suna faɗawa cikin wannan matsala, juya sitiyarin kuma aiki ne da ke taɓa birki da wayoyi, ba kowane gareji ke yin sa daidai ba. Na Amurka wutar cikinsu 120V ce, tamu kuwa 230V. Ka jona ta kai tsaye da wutar gida, caja da firji da na'urar sanyi su ƙone. Ga shan mai: babbar ta Amurka mai fetur tana iya shanye lita 25 ko fiye a kilomita 100, alhali Sprinter mai dizal tana wajen lita 10 zuwa 12.

Na Turai sanyi aka yi musu tanadi. Za ka tarar da na'urar ɗumama ɗaki mai tsada, da firji mai aiki da gas wanda ke kasa sanyaya ruwa idan zafin gari ya haura digiri 32 ko makamancin haka. Cikinsu a ƙasa yake, bututun ruwa da matakala suna reto a ƙarƙashi, tudun rage gudu ɗaya mai tsini ya isa ya fasa su. Sababbin masu dizal kuma suna da matatar hayaƙi a salansa da tankin AdBlue, wato ruwan sinadari mai rage gubar hayaƙi. Idan dizal ba shi da tsabta matatar tana toshewa, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, sai an nemo mai na'urar bincike.

Shi ya sa muka fi ba da shawarar a sayi lafiyayyar Hiace, Sprinter ta da, ko Coaster idan iyali na da yawa, a ba mai walda da kafinta da rewaya su shirya ta. Sharaɗin shi ne kai za ka tsaya a kan aikin. Kowane kabad da gado a ɗaure shi da ƙusoshi masu noti da suka ratsa ƙarfen motar, kada a bar shi a kan sukurori da aka murɗa cikin katako. A yi amfani da filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12 maimakon katako mai nauyi, dalilin yana tambaya ta 5.

3. Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Ka je da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali, kuma ka ce a bar injin ya kwana bai tashi ba. Injin da ya yi sanyi ne ke faɗin gaskiya: wahalar tashi, farin hayaƙi ko shuɗi, ƙarar ƙarafa. Buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga kumfa mai launin madara ruwa na haɗuwa da mai. Duba lagireto da fanka, domin motar da ke ɗaukar zafi ba ta da lodi ba za ta kai ka Jos da lodi ba. A ɗaga ta a duba cesis, sifirin da shokozoba. Lambar cesis da ke jikin mota ta dace da wadda ke takardar kwastam harafi da harafi.

Idan wadda aka riga aka shirya ce, babban abin tsoro shi ne yoyo. Danna bango da yatsa a kusurwoyin rufi, gefen tagogi, kewayen ƙofar iska ta sama da cikin kabad na sama. Inda ya lotsa, katakon ciki ya ruɓe, gyaransa kuma sai an kware bangon gaba ɗaya. Warin rima da sabon fenti a kusurwa ɗaya tak alamu ne. A kunna maka komai a gabanka: famfo, firji, murhu, fitilu.

4. Wane lasisi da waɗanne takardu ake buƙata?

Lasisin rukunin B da yawancin masu ƙananan motoci ke riƙe da shi na motar da ba ta kai tan 3 ba ne. Sprinter mai tan 3.5 da Coaster sun wuce nan, don haka ka kai takardar nauyin motarka ofishin ba da lasisi a ba ka rukunin da ya dace. Sauran takardun su ne na kullum: shaidar biyan kwastam, shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota daga VIO, da inshora. Idan ka cire kujeru ko ka sauya fenti, a gyara bayanin a takardu, kada takarda ta ce bas mai kujeru 14 jami'i ya leƙa ya ga gado.

Inshorar dole tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne kawai, ba ta biyan ko sisi a kan sola, batir da kayan ɗakin da ka zuba wa kuɗi. Mai son a rufe waɗannan sai ya yi cikakkiyar inshora, ya sa a rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu kuma: koren fenti irin na soja haramun ne a doka ga motar farar hula, baƙin gilashi kuma yana jawo tambayar takardar izini a kowane shinge. Labule mai kauri yana suturta iyali fiye da baƙin gilashi, da rana kuma sai a yaye shi.

5. Kaya nawa motar za ta iya ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita ta fi kowace muhimmanci. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin gidan inji akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da iyakar kowane aksul. Bayan an gama ƙira, ka kai ta sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin sayen hatsi ko wuraren fasa dutse, a auna ta babu kowa a ciki. Abin da ya rage tsakanin lambobin biyu shi ne rabonka.

Ga misali. Iyakar mota kilo 3,500, an auna ta bayan ƙira ta ba da 2,950, saura 550. Manya biyu kilo 140, yara uku 90, ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, dizal lita 70 wajen kilo 60, tukunyar gas mai kilo 12.5 idan tana cike wajen 26, ƙaramin janareta 25. An kai 441 ke nan, ba a sa tufafi, abinci, kayan gyara da tsarabar da za a ɗoro a hanya ba. Buhun masara biyu daga kasuwar ƙauye sun tsallakar da kai iyaka.

Lodin da ya wuce ƙima yana fasa tayar baya, yana karya sifirin, yana sa birki ya ƙi kamawa a gangara. Masu nauyi, wato batir, ruwa da kayan aiki, a ajiye su ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kabad na sama na tufafi ne da barguna. Kada a ɗora jarkoki a kan rufi, suna sa mota tangaɗi a kwana.

6. Yaya ake yi da zafin bazara?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Bauchi da Gombe yana taɓa digiri 40, ƙarfen rufin mota a rana kuwa ya fi haka nesa. Maganin farko shi ne farin fenti a rufi. Na biyu, abin tare zafi tsakanin ƙarfe da filawud, kaurin santimita 2.5 zuwa 5, a rufi da bango. Soso mai tauri irin na ɗakin sanyi ya fi audugar gilashi, wadda ke shan ruwa tana zubewa da girgizar hanya. Allon sola da aka ɗaga santimita 5 daga rufi shi ma inuwa ne.

Na uku shi ne iska ta ratsa. A sa fanka mai zuƙo iska waje a rufi, a buɗe taga ta ƙasa a ɗaya ƙarshen motar, sai iskar dare ta bi ta kan masu barci. Kowace taga da ƙofa a sa mata ragar sauro, in ba haka ba za a rufe su ne a kwana cikin gumi. Gilashin gaba shi ne babbar ƙofar zafi, a rufe shi ta waje da mayafi mai ƙyalli. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota da rana ko na minti biyar ne.

7. Batir da sola nawa za su ishe ni?

Da lissafi ake farawa, kafin a je kasuwa. Firji mai kwamfuresa na 12V mai cin wat 45, idan yana aiki rabin yini saboda zafi, ya ci wat-awa 540, wato wat 45 sau awa 12. Fanka biyu masu wat 15 na awa 10, 300. Fitilu huɗu masu wat 3 na awa 5, 60. Cajin wayoyi, kwamfuta da famfon ruwa, a ce 140. Jimla 1,040, wato yunit ɗaya da ɗan ɗori a lissafin mitar gida.

Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana riƙe wat-awa 1,280, kuma ana iya shan kusan kashi 90 cikin 100 nasa. Batirin jel ko na ruwa rabi kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko, don haka sai mai 200Ah zai yi wannan aiki, nauyinsa wajen kilo 60, na litiyam kuwa wajen 12. Sola mai wat 300 tare da na'urar caji ta MPPT tana mayar da abin da aka ci a rana mai haske. A hunturu ƙura tana kwanciya a kan allon ta rage shi sosai, sai an goge da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya.

Batirin ɗaki daban, batirin tada mota daban. Idan ana so injin ya riƙa cajin na ɗaki a tafiya, a sa cajar DC-DC, wato na'urar da ke daidaita caji daga batir zuwa batir, mai amfiya 20 zuwa 30 a tsakaninsu. Haɗa litiyam kai tsaye da altaneta yana sa ta ɗauki zafi har ta ƙone, musamman idan mota na tsaye inji na aiki. Batirin kuma a nisanta shi da salansa da bangon da rana ke duka.

8. Me ke jawo gobarar wayoyi?

Siririyar waya da rashin fiyus. Wutar 12V ba ta jan mutum, shi ya sa ake raina ta, amma amfiyarta na da yawa. Inbata mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 95 daga batir. Wayarta ta zama ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 25mm² zuwa 35mm², gajeriya, da fiyus a cikin santimita 20 daga kan batir. Kowane layi da ya fita zuwa fanka, firji ko fitila da nasa fiyus daidai da kaurin wayarsa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, domin girgizar hanya tana sa bakin ƙarfe ya yanke rigarta a hankali. Idan fiyus ya ƙone a nemo dalili. Ɗaure gurbinsa da waya, kamar yadda wasu rewaya ke yi don a samu a tafi, shi ne mafarin yawancin gobarar.

9. Zan iya kwana da na'urar sanyaya ɗaki a kan sola?

Da irin tsarin tambaya ta 7, a'a. Na'ura mai doki ɗaya, ko da mai tsimin wuta ce, tana cin yunit 4 zuwa 5 a daren zafi. Wannan batir huɗu ne ko biyar masu 100Ah, da sola da ta fi ƙarfin rufin Hiace. Abin da ke yiwuwa shi ne a kunna ta inda aka sami wutar otal ko ta gida, ko da janareta bisa sharuɗɗan tambaya ta 12.

10. Ruwa lita nawa zan ɗauka, kuma yaya zan tsabtace tanki?

A ƙiyasta lita 15 zuwa 20 ga kowane mutum a rana: sha, girki, alwala biyar, wanke-wanke da wankan bokiti na tsimi. Iyali mai mutum biyar da tankin lita 100 yini ɗaya ne da ɗan kai, don haka tafiya tana bin inda ruwa yake. Shawa ita ke cinye ruwa. Buta da kofi sun fi ta auki nesa ba kusa ba. Jarkoki huɗu masu lita 25 da aka ɗaure da bel sun fi tanki ɗaya sauƙi ga mai farawa, domin ana iya sauke su a kai bakin burtsatse ko a saya wurin 'yan garuwa, ana kuma iya wanke cikinsu. Ruwan sha a ware shi daban.

Tankin ya zama na roba mai duhu da aka yi don ruwan sha; wanda haske ke ratsawa yana yin gansakuka. Kafin tafiyar farko da kuma bayan doguwar ajiya, a zuba mililita 100 na farin bilic marar ƙamshi a lita 100 na ruwa, a buɗe kowane famfo har warin ya fito, a bar shi awa 4, a zubar, a ɗauraye sau biyu. Wannan na wanke tanki ne, ba a shan sa. Ruwan wanke-wanke ya taru a jarkarsa a ƙarƙashin sinki, a zubar kullum, domin a zafin nan kwana ɗaya ya isa ya yi ɗoyi.

11. Banɗakin ciki fa, ba ya wari?

Wanda aka fi sawa yana da tankin ƙasa mai lita 17 zuwa 20 da ake zarewa a kai a zubar. Turawan da suka ƙera shi da takarda suke amfani; mu masu tsarki da ruwa muna cika shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Dabarar ita ce da rana a yi amfani da banɗakin gidan mai, masallaci ko masauki, a bar na mota don dare da mata da yara.

Bayan kowace zubarwa a sa ruwa lita 2 da sinadarin da aka yi don shi. A zafi kada ya wuce kwana biyu ko bai cika ba. Masai ko salga kaɗai ake zubarwa, da izinin masu wurin. Kwata, rafi da bayan gari ba wurinsa ba ne, kuma abin da zai sa a hana na bayanka masauki ke nan. Robar bakin tankin a shafa mata man zaitun ko man silikon, man shafawa na fetur yana lalata ta. Idan an hau tudu kamar Jos ko an yini a rana, iska na taruwa a ciki: a ja marfin tankin murfin sama yana rufe, in ba haka ba ya yi feshi.

12. Girki da gas a cikin mota ba haɗari ba ne?

Haɗari ne idan an yi sakaci. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Saboda haka tukunyar ta zauna a tsaye, a ɗaure, cikin akwatin da ba ya buɗewa ta ɓangaren ɗaki ko kuma mai ƙofa da roba, da rami a ƙasansa wanda ya fita waje. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu duk lokacin da aka sauya tukunya. Kumfa na nufin yoyo. Tiyon da ya fara tsagewa a sauya shi. Kafin mota ta motsa a rufe gas daga kan tukunya, haka ma kafin barci. Murhu mai kai ɗaya yana cin wajen giram 150 a awa, don haka tukunya mai kilo 6 tana ba da awa 40 na girki, ta ishi tafiyar mako biyu. Suya da tuwo a yi su a waje idan hali ya yi, tururi da maiƙo suna lalata rufi.

Abin da ya fi gobara kisa shi ne hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa. Janareta, gawayi da murhu a rufaffen wuri duk suna fitar da shi. Daren hunturu, kada a kuskura a shigo da kaskon wuta cikin mota don jin ɗumi, bargo ake ƙarawa. Janareta ya yi nisan mita 6 aƙalla, bakin salansarsa na kallon nesa da tagogi, kuma ba a kwana injin mota na aiki. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya ga mutum fiye da ɗaya lokaci guda alama ce: a fita waje nan take, a nemi asibiti. Na'urar ƙararrawa ta wannan hayaƙi mai aiki da ƙaramin batir a kafa ta kusa da gado, tukunyar kashe gobara kuma a bakin ƙofa inda hannu ke kaiwa.

13. Wace taya zan sa?

Mai harafin C bayan girmanta, misali 195R15C, wato ta motar ɗaukar kaya. Tayar ƙaramar mota ko girmansu ɗaya ba za ta jure ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma motar da ta fi zama a ajiye tayarta tana tsagewa da rana tun zanenta bai cinye ba.

Ka mallaki ma'aunin iska naka, ka auna da safe kafin a motsa, ka bi adadin da kamfanin motar ya rubuta na cikakken lodi. Taya mai ƙarancin iska ita ke yin zafi ta fashe. Idan ta yi zafi a hanya iskar ta hau, kada a sace ta. Safaya, jak da zai iya ɗaga motar da lodinta, guntun katako mai faɗi na ɗora jak a yashi, fambel, fiyus, matatar mai da alamar gargaɗi mai kusurwa uku su zauna a motar dindindin.

14. Tuƙinta ya bambanta da na ƙaramar mota?

Ƙwarai. Auna tsayinta har da sola da fankar rufi, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Wayoyin wuta da suka sauko a unguwanni, rumfunan kasuwa, rassan darbejiya da ƙofar gareji duk suna cire abin da ke kan rufi. A kwana ka shiga da faɗi, ka tuna bayanta yana fita ta ɗaya gefen. Wajen ja da baya wani ya sauka ya tsaya inda kake ganin sa a madubi. Kilomita 80 a awa ta isa a babbar hanya, tazararka da na gaba kuma ta ninka wadda ka saba.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Bauchi kuwa wajen 600, don haka dawowa ta Toro gangara ce mai tsawo. Haka hanyar Tula idan an ratse daga Kaltungo. A sauko da giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki da ƙarfi a saki. Ɗora ƙafa a kai ba sauƙewa yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. Da damina kada a shiga ruwan da ya rufe kwalbati idan ba a ga ƙasansa ba, kada kuma a sauka daga kwalta zuwa baƙar laka. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska a kai a kai. Tuƙin dare a bar shi gaba ɗaya: ramuka, shanu, motocin da suka mutu ba alama, ga batun tsaro.

15. Yara da uwargida za su iya zama a gado ana tafiya?

A'a. Kowa a kujerar da ke kafe a cesis, da bel. Gado da benci na gefe na lokacin da aka tsaya ne. Tun wajen ƙira a bar layi ɗaya na kujerun asali daidai da yawan iyali. Kafin a tashi a zagaya: gas a rufe, kabad da firji a sakata, tukwane da wuƙaƙe a ɗaure, ƙofar iska ta rufi a sauke, wayar wuta a cire. Filas ɗin shayi da aka manta a kan tebur yana iya fasa kan yaro idan aka taka birki da ƙarfi.

16. A ina ake kwana, tunda babu sansanonin irin waɗannan motoci a nan?

Mafi sauƙi shi ne harabar 'yan uwa ko abokai, sai harabar otal ko gidan saukar baƙi mai katanga da maigadi. A yi magana da manaja tun da rana, a daidaita kuɗin fili, ruwa, banɗaki da jona wuta. A ƙauye, a fara da gaida mai unguwa ko dagaci: ka faɗi sunanka, garinku, inda za ka, da mutum nawa ke tare da kai. Shi zai nuna maka wuri ya kuma sanar da 'yan banga. Baƙuwar mota mai labule da ta tsaya a bakin gari ba sallama tana tayar da hankalin mutane, kuma suna da hujja.

A isa masauki kafin la'asar ta yi sanyi, domin idan wurin bai kwanta maka ba ka sami lokacin sauyawa. A juya kan motar ya kalli mafita, kujerar direba ba kaya a kai, makulli a wuri ɗaya da kowa ya sani. Ba a kwana a kafaɗar babbar hanya, a busasshen rafi, ko ƙarƙashin tsohuwar bishiya da damina. Labarin hanya kuma wurin direbobin tasha yake, su suke bin ta kullum. Matambayi ba ya ɓata. Wani a gida ya san inda ka kwana kowane dare, hotunan wurin kuma a bari sai an tashi kafin a sa su a Facebook.

17. Ina ya kamata tafiyar farko ta nufa?

Daren farko a ƙofar gidanka, da dukan iyali, ba tare da an shiga gida ɗauko komai ba. A nan za a gane fankar da ba ta isa ba da tagar da sauro ke bi. Sai tafiyar kwana ɗaya da ba ta wuce awa biyu ba: mutanen Gombe su nufi wajen Dadin Kowa, na Bauchi wajen Dass.

Yankari ta biyo baya. Daga hanyar Bauchi zuwa Gombe ake ratsewa a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake zaune a kan digiri 31 rani da damina. A tuntuɓi hukumar wurin tun kafin a taso kan kwana a cikin mota da inda za a ajiye ta, a cika tanki tun daga gari. Rani ya fi dacewa da ganin namun daji. Gwaggon birin Wikki sun saba da mutane, suna shiga mota ta taga ko ƙofar da aka bari a buɗe su kwashe abinci, ragar sauro kuma ba ta tare su; idan za a tafi wanka a rufe gilashi da ƙofar rufi duka.

18. Idan za ta yi watanni a ajiye, me zan yi mata?

A zubar da ruwan tanki da na bututu, a wanke banɗaki a bar marfinsa a buɗe, a kwashe duk abinci har da ɓurɓushi, a bar ƙofar firji a ɗan buɗe. Ɓeraye suna shiga ta ramukan waya da bututu su ci rigar wayoyi, don haka a toshe ramukan da ragar ƙarfe. A cire tukunyar gas a ajiye ta a inuwa. Batirin jel a bar shi cike, sola na ɗan ciyar da shi. Na litiyam a bar shi wajen rabi a kashe makunninsa. Kowane mako biyu a tada motar a zagaya da ita na minti 20 zuwa 30 har inji ya yi zafi, domin taya da birki su motsa. Kafin ruwan farko, wajen Afrilu, a hau rufi a duba duk inda aka huda don sola ko fanka. Inda abin liƙi ya tsage a kankare tsohon, a goge, a sa sabo na foliyuretan irin Sikaflex, domin silikon na gilashin gida yana saki daga jikin fenti idan rana ta dake shi.